Babi na Shida: Zaɓen Dutsen da Za a Je

Lokacin da masana a Jami'ar Arizona ta Amurka suka zauna zaɓen inda za su tura kumbon da daga baya aka sani da OSIRIS-REx, duwatsun sararin samaniya da ke cikin kundi sun haura dubu 500. Mutum zai ɗauka mai neman wurin zuwa a cikin wannan yawa sai ya zaɓa ya darje. Amma da aka fara tacewa, sai abin ya riƙa zubewa. Kusan dukkansu suna can a ɗamarar duwatsun da ke tsakanin duniyar Mars da ta Jupita, nesa ƙwarai ga kumbon da ake so ya je ya dawo da kaya. Waɗanda ke kusantar duniyarmu kimanin 7,000 ne a wancan lokaci. A cikinsu 192 kaɗai ke bin hanyar da kumbo zai iya tarar da su, ya kuma dawo gida da ɗan man da zai iya ɗauka. Aka cire duk wanda faɗinsa bai kai mita 200 ba, saura 26. Aka duba a cikin waɗannan nawa ne aka san irin abin da ke jikinsu, sai aka samu 12. Masu ɗauke da sinadarin kabon, wanda shi ake nema, biyar ne kacal. A cikin biyar ɗin aka ɗauki wani da ba shi da suna tukuna sai lamba, 1999 RQ36, wanda yanzu ake kira Bennu.

A duk wannan lissafi, matakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saukowa daga 26 zuwa 12. Duwatsu goma sha huɗu sun faɗi a wannan mataki ba don suna da wani aibu ba. Hanyarsu mai kyau ce, girmansu ya isa. Abin da ya kayar da su kawai shi ne babu wanda ya taɓa samun damar duba su da kyau. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda ya fi Bennu dacewa, amma ba a kashe dala miliyan ɗaruruwa a kan "mai yiwuwa". Har yau wannan giɓi ne ke yanke hukunci a kan inda kumbuna ke zuwa, fiye da ƙarfin roka ko ƙwarewar injiniyoyi.

Masana falaki suna sanya dutse a rukunin masu kusantar duniya idan hanyar da yake bi wajen zagaya rana tana kawo shi ƙasa da ninki 1.3 na tazarar da ke tsakanin rana da duniya. Wannan tazara kimanin kilomita miliyan 150 ce. Na farko da aka gano a wannan rukuni shi ne Eros, wanda Gustav Witt ya hango daga birnin Balin na Jamus a 1898. Yau adadinsu ya wuce dubu 35, kuma ana ƙara dubbai kowace shekara. Asalinsu 'yan ɗamarar nan ne ta bayan Mars. Zafin rana yana tura su a hankali a hankali, har su faɗa wasu wurare inda jan Jupita ko Satun ke karkatar da hanyarsu zuwa ciki. Da zarar sun shigo unguwarmu ba sa daɗewa a ma'aunin falaki: cikin shekaru miliyoyi kaɗan ko dai su faɗa rana, ko su bugi wata duniya, ko a wurgar da su waje.

Injiniyan kumbo ba ya auna kusanci da kilomita. A ranar 20 ga Oktoba 2020, sa'ad da OSIRIS-REx ya taɓa Bennu, tsakaninsa da mu akwai kimanin kilomita miliyan 320, wato ya ninka nisan rana sau biyu, kuma saƙo yana ɗaukar fiye da minti 18 kafin ya iso. Abin da injiniya ke aunawa shi ne yawan canjin gudun da kumbo zai yi kafin tafiyarsa ta zo daidai da ta dutsen. Duk wanda ya taɓa ganin yaron mota yana kama babbar mota tana tafiya ya san ka'idar: ba ya tarar ta gaba da gaba, sai ya bi gefenta da gudu har saurinsa ya yi daidai da nata, sannan ya miƙa hannu. Duniya tana gudun kimanin kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya wajen zagaya rana, kuma duk kumbon da ya tashi daga nan ya gaji wannan gudu kyauta. Dutsen da hanyarsa ta yi kama da ta duniya, kusan da'ira, ba ta karkace sosai ba, ɗan gyara kaɗan ake bukata a cim masa. Wanda hanyarsa ta miƙe ko ta jirkice, ko da zai wuce ta ƙofar gidanmu, zai wuce ne da gudun da babu man da zai iya kamo shi.

Eugene Shoemaker da Eleanor Helin ne suka fitar da hanyar ƙiyasta wannan canjin gudu a 1978, kuma abin da lissafin ya nuna yana da ban mamaki. Daga kusa da duniya zuwa sauka a kan wata ana bukatar canjin gudu na kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, saboda wata yana da ƙarfin ja, dole a ƙona mai a taka birki. Akwai duwatsun da ake cim musu da ƙasa da kilomita 5. Tashi daga kansu kuwa kusan kyauta ne: a kan Bennu, gudun santimita 20 a daƙiƙa ya isa ya raba mutum da dutsen har abada. Inda tsadar take ita ce karkata. Hanyar Bennu ta karkace da digiri 6 kawai daga ta duniya, amma don wannan 'yar karkata sai da OSIRIS-REx ya zagaya rana shekara guda bayan tashinsa a Satumba 2016, ya dawo ya gifta duniya a Satumba 2017 don jan ta ya lanƙwasa masa hanya. Ya isa Bennu a Disamba 2018.

Sannan ga matsalar lokaci. Dutse da duniya kowa yana zagaye a nasa sauri, kuma damar tashi tana buɗewa ne na 'yan makonni, ta rufe, wani lokaci sai bayan shekaru. Japanawa sun ɗanɗana wannan. Kumbonsu Hayabusa an fara tsara shi ne don wani dutse mai suna Nereus. Aka sauya zuwa 1989 ML. Sai rokar da za ta ɗauke shi, samfurin M-V, ta samu matsala a wani tashi na Fabrairu 2000, aka ɗage tafiyar, damar ta wuce. Abin da ya ceci shirin shi ne a 1998 na'urar LINEAR da ke jihar New Mexico ta gano wani ƙaramin dutse mai sauƙin kaiwa. Shi aka raɗa wa sunan Itokawa, don tunawa da Hideo Itokawa, uban harkar roka a Japan. Da masu tsaron dare a bakin madubin hangen nesa ba su same shi ba, da kumbon ya zauna a ƙasa ba wurin zuwa.

Dalilin cire ƙananan duwatsu a lissafin Bennu kuwa shi ne juyi. An lura cewa duwatsun da suka wuce mita 200 kusan ba sa juyawa da sauri fiye da sau ɗaya a awa biyu da 'yan mintoci. Idan suka wuce haka sai su watse, domin yawancinsu ba curi ɗaya ba ne, tarin ɓaraguzai ne da ɗan ƙarfin ja ya riƙe. Ƙananan kuwa wasu suna juyawa cikin 'yan mintoci, kuma ana tsoron irin wannan juyi ya riga ya watsar da ƙura da tsakuwar da kumbo zai ɗiba. Bennu yana juyawa sau ɗaya a awa 4.3, faɗinsa kimanin mita 490.

To, ta yaya ake sanin duk wannan game da abin da ko a babban madubin hangen nesa ɗigon haske ne kawai? Nan ne aikin yake, kuma aiki ne na haƙuri wanda ba ya shiga kanun labarai.

Ana farawa da hanya. Sai an ga dutsen a darare da yawa, an auna matsayinsa a tsakanin taurari, kafin a iya zana inda yake bi. Ƙananan da yawa ana ganinsu ne kwana biyu ko uku suna wucewa, su dushe, kuma idan ba a bi su ba sai su ɓace: suna cikin kundi, amma babu wanda zai iya cewa ga inda za su kasance bayan shekara goma. Ba a tura kumbo wurin irin wannan. Daga nan sai girma, wanda ya fi wuya, domin haske yana ruɗi. Ƙaramin dutse mai hasken jiki da babban dutse baƙi suna iya bayyana da haske ɗaya. Bennu, alal misali, kashi huɗu cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa. Don warware wannan ake auna zafin da dutsen ke fitarwa, da na'urorin da ke ganin hasken da ido ba ya gani. A farkon 2025, da dutsen 2024 YR4 ya tayar da hankali, ƙiyasin girmansa yana tsakanin mita 40 da 90. Sai da madubin James Webb ya auna zafinsa aka tsayar da shi a kimanin mita 60. Juyi ana gane shi daga yadda hasken ke ƙaruwa yana raguwa. Abin da ke jikin dutsen kuwa ana karanta shi ne ta hanyar rarraba haskensa zuwa launuka, a ga wane launi ya haɗiye, wane ya mayar. Da haka ake raba su: masu kabon, masu duwatsun silika, da masu alamar ƙarfe. Wannan awo yana bukatar babban madubi, a daidai daren da dutsen ke kusa, kuma manyan madubai layi ake bi a samu lokacinsu. Shi ya sa a cikin dubban da aka gano, kaɗan ne aka san nau'insu.

Mafi kaifi a cikin kayan aikin ita ce rada. Ana harba igiyar rediyo mai ƙarfi ta bugi dutsen ta dawo, daga amsar a fitar da nisansa da gudunsa da siffarsa. Tashoshin Arecibo a Puerto Rico da Goldstone a Kalifoniya sun duba Bennu a 1999 da 2005, kuma wannan na cikin abin da ya ba shi fifiko a kan sauran huɗun; Arecibo ta ƙara a 2011. Ranar 1 ga Disamba 2020 Arecibo ta rushe, bayan igiyoyin da ke riƙe da na'urorinta sun tsinke. A lokacin ita ce rada mafi ƙarfi da duniya take da ita don wannan aiki, kuma ba a maye gurbinta ba. Ina ganin wannan rashi ya fi girman yadda aka ɗauke shi. Kuɗin kumbo ɗaya ya isa ya riƙe irin wannan tasha shekaru da yawa, ita kuma tasha tana duba duwatsu da dama kowace shekara.

Akwai lokaci ɗaya da aka samu damar gwada abin da madubi ya faɗa da abin da hannu ya riƙe ba tare da kumbo ba, kuma a Sudan abin ya faru. Ranar 6 ga Oktoba 2008, Richard Kowalski na shirin Catalina a Arizona ya hango wani ƙaramin dutse mai kimanin mita huɗu. Lissafi ya nuna zai faɗo duniya cikin ƙasa da kwana ɗaya. Kafin ya iso, wani madubi a tsibirin La Palma ya samu ya karanta launukan haskensa. Da asubahin 7 ga Oktoba ya tarwatse a saman hamadar Nubiya. A Disamba, Peter Jenniskens da Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum suka jera ɗalibai a cikin hamada suna tafiya suna duba ƙasa, har daga baya aka tattara gutsattsari kusan 600. An sa musu sunan Almahata Sitta, saboda tashar jirgin ƙasa ta shida da ke kusa. Da aka kai su ɗakin gwaji sai aka tarar dutsen da madubi ya ba nau'i ɗaya, ashe haɗin gambiza ne na duwatsu iri-iri da suka fito daga uwaye daban-daban. Madubi bai yi ƙarya ba, fatar waje kawai ya gani.

Mai karatu zai iya tambaya: tunda duwatsun suna faɗowa da kansu, me ya sa za a bi su? A ƙasarmu ma sun faɗo, a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, da Gujba ta jihar Yobe ta yau a 1984, kuma masana a duniya suna nazarin gutsattsarinsu har yanzu. Amsar ita ce dutsen da ya faɗo ba ya zuwa da adireshi, ba a san daga jikin wanne ya ɓalle ba. Iska ta ƙone masa fata, ruwa da ƙasa da ƙwayoyin halitta sun shige shi. Kuma masu taushi, waɗanda su ne suka fi ɗauke da ruwa da kabon, yawanci ba sa tsira daga wutar shigowa.

Da aka fara isa wurin duwatsun, kowane ya zo da nasa abin mamaki. Eros, wanda kumbon NEAR Shoemaker ya zagaya daga Fabrairu 2000 ya kuma sauka a kansa a Fabrairu 2001, ƙato ne mai tsawon kilomita 34, lulluɓe da ƙura. Aka ɗauka haka sauran za su kasance. Hayabusa ya isa Itokawa a Satumba 2005 ya tarar da tarin duwatsu mai tsawon mita 535, kusan kashi 40 cikin ɗari na cikinsa fanko. Kumbon ya sha wuya: mai ya zube, an rasa jin ɗuriyarsa makonni bakwai, na'urar harba harsashin ɗibar samfuri ba ta yi aiki ba. Duk da haka kwansonsa ya sauka a hamadar Woomera ta Ostareliya ranar 13 ga Yuni 2010 da ƙwayoyin ƙura kimanin 1,500 da aka fara tantancewa. Waɗannan ƙwayoyi sun kashe wata tsohuwar muhawara: sun tabbatar da cewa duwatsu masu silika su ne uwayen mafi yawan duwatsun da ke faɗowa duniya, kuma bambancin launin da ake gani iskar rana ce ta rine musu fata.

Kumbon Hayabusa2 ya isa dutsen Ryugu a Yuni 2018 da shirin sauka a fili mai faɗin mita 100. Babu irin wannan fili a duk faɗin dutsen. Aka ɗage saukar daga Oktoba zuwa Fabrairu 2019, injiniyoyi suka koyi saukar da kumbo a da'irar da ba ta wuce mita 6 ba.

Na Bennu ya fi koyar da darasi, domin shi ne dutsen da aka fi sani kafin a je. Rada ta ba da siffarsa da girmansa daidai ƙwarai. Awon zafi daga madubin Spitzer ya nuna jikinsa yana ɗaukar zafi da sauri yana saki da sauri, kuma a ƙa'idar da aka sani wannan alamar yashi da ƙananan tsakuwa ce. A kan haka aka ƙera kumbon, da tsammanin fili mai faɗin mita 50. Da hotuna suka fara zuwa, Dante Lauretta, jagoran shirin, da mutanensa suka ga manyan duwatsu ko'ina, wasu sun kai tsayin bene. Awon bai yi kuskure ba, fassararsa ce ta kauce: duwatsun Bennu cike suke da ƙananan ramuka, don haka suna mu'amala da zafi kamar yadda yashi ke yi. A Janairu 2019 kuma aka ga dutsen yana tofar da tsakuwa zuwa sama, abin da babu wanda ya yi hasashe. Sai da aka sauya tsarin tuƙin kumbon yana can, aka koya masa gane duwatsu da idonsa yana kwatanta su da taswira, don ya shiga wani ɗan fili a cikin rami, wanda aka sa wa suna Nightingale, mai faɗin kimanin mita 16. Da hannun kumbon ya taɓa ƙasa, bai ji tauri ba. Ya nutse kusan rabin mita, kuma da injinan ja da baya ba su tashi ba, da ya ci gaba da shiga. Ya ɗebo kaya har murfin ya kasa rufuwa, samfuri ya riƙa zubewa, aka yi gaggawar adana shi kafin lokacin da aka tsara.

Kwanson ya sauka a hamadar Utah ranar 24 ga Satumba 2023 da giram 121.6, ninki biyu na giram 60 da aka yi alkawari. Na Ryugu, wanda ya iso a Disamba 2020, giram 5.4 ne. A Janairu 2025 aka bayyana cewa a cikin ƙurar Bennu akwai 14 daga cikin amino asid 20 da halittu ke gina jiki da su, da dukkan tubala biyar na rubutun gado, wato na DNA da RNA. An kuma samu gishiri iri-iri da ke samuwa idan ruwa mai gishiri ya ƙafe, har da ma'adinin trona, wanda ba a taɓa gani a wani samfuri daga sama ba. Trona shi ne babban sinadarin kanwa, irin wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga. Ma'anar wannan ita ce uwar da Bennu ya ɓalle daga jikinta, fiye da shekaru biliyan huɗu da rabi da suka wuce, tana da ruwan kanwa a cikinta wanda ya ƙafe a hankali. Irin waɗannan gishiri suna narkewa ko su lalace da zarar sun haɗu da damshin iskarmu, shi ya sa sai da aka je aka ɗebo su a rufe.

Ba kowace tafiya ce ta neman samfuri ba, kuma kowace manufa da irin dutsen da take so. Masu shirin DART suna son gwada ko za a iya kauce da dutse ta hanyar bugunsa. Wayonsu yana wajen zaɓe: suka ɗauki Dimorphos, mai kimanin mita 160, wanda ke zagaya babban ɗan'uwansa Didymos cikin awa 11 da minti 55. Canjin da bugu zai yi wa tafiyar dutse a kewayen rana ƙanƙane ne, zai ɗauki shekaru kafin a auna. Amma canjin wannan ɗan zagaye ana iya ganinsa daga ƙasa cikin kwanaki, ta yadda hasken ke dushewa duk lokacin da ɗaya ya gifta ɗaya. Ranar 26 ga Satumba 2022 kumbon ya buge shi da gudun kilomita 6 a daƙiƙa. An ce idan zagayen ya ragu da daƙiƙa 73 an yi nasara, sai ya ragu da fiye da minti 32, domin ɓaraguzan da suka fantsama sun ƙara tura shi. Kumbon Hera na hukumar Turai ya tashi a Oktoba 2024 don ya je ya auna nauyin dutsen ya ga abin da bugun ya bari.

Batun tura mutane ya taso da ƙarfi a Afrilu 2010, sa'ad da Shugaba Barack Obama ya ce Amurka za ta kai 'yan sama jannati kan dutse kafin 2025. NASA ta buɗe wani kundi mai suna NHATS, wanda ke tace duwatsun da za a iya zuwa a dawo cikin kwana 450, a zauna aƙalla kwana 8, da canjin gudun da bai wuce kilomita 12 a daƙiƙa ba. Dubbai sun cika sharaɗin a takarda. Da aka duba su ɗaya ɗaya, mafi sauƙin kaiwa ƙanana ne ƙwarai, ba a san juyinsu ba, wasu ma ba a tabbatar da hanyarsu ba. Shirin ya rikiɗe ya koma na ɗauko curin dutse a kawo shi kusa da wata, aka soke shi a 2017. Masu haƙar ma'adinai ma haka. Kamfanonin Planetary Resources da Deep Space Industries sun yi tashe daga 2012 da 2013 da alkawarin ruwa da ƙarafa masu daraja. Amurka a 2015 da Luksambok a 2017 har dokokin mallakar abin da aka haƙo suka yi. Kafin ƙarshen 2019 an sayar da kamfanonin biyu ba tare da ɗayansu ya taɓa dutse ba. Ni ban raina tunanin ba. Ruwan da ke cikin duwatsu irin su Bennu gaskiya ne, kuma ana iya raba shi a yi man roka a can sama. Amma wanda bai san ko ƙafar injinsa za ta tsaya a kan ƙasa ko za ta nutse ba, bai kai matsayin lissafin riba ba. Giram 121.6 ɗin nan ya ci fiye da dala biliyan ɗaya.

Abin da ya dace a yi yanzu a bayyane yake, ko da yake ba shi da armashi: a ƙara ganowa, a kuma bi abin da aka gano a auna. Tun 2005 majalisar dokokin Amurka ta umarci NASA ta gano kashi 90 cikin ɗari na duwatsun da suka kai mita 140. An ƙiyasta sun kai dubu 25, kuma har yanzu ba a gano rabinsu ba. Madubin Vera Rubin da ke Chile ya gano sababbin duwatsu fiye da 2,000 cikin kimanin awa goma na gwajinsa na farko a 2025. NASA tana ƙera NEO Surveyor, madubin da zai zauna a sama yana auna zafi, wanda zai ba da girma tare da ganowa, ya kuma hango waɗanda ke ɓuya a ɓangaren rana, irin wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha a Fabrairu 2013 ya raunata mutane kusan 1,500 ba tare da an gan shi ba.

Ƙananan da aka cire a lissafin Bennu su ma lokacinsu ya zo. Sin ta harba Tianwen-2 a Mayu 2025 zuwa Kamo'oalewa, wanda bai kai mita 100 ba, yana juyawa cikin minti 28, kuma wasu masana suna zargin ɓallin wata ne. Hayabusa2, bayan ya sauke kayansa, ya wuce zuwa 1998 KY26, inda ake sa ran isarsa a 2031. An zaɓe shi da zaton mita 30 ne. Sabon awo da manyan madubai ya nuna bai wuce kimanin mita 11 ba, kuma yana juyawa cikin minti biyar. Kumbon yana kan hanya aka gane haka.

Akwai dutse ɗaya da ba sai an yi dogon lissafin mai ba. Apophis, mai faɗin kimanin mita 340, an gano shi a 2004, kuma a Disambar wannan shekara an ba shi yiwuwar kashi 2.7 cikin ɗari na bugun duniya a 2029. Awo na baya ya kawar da wannan, radar Goldstone kuma a Maris 2021 ta tabbatar babu haɗari na aƙalla shekara ɗari. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 zai wuce kimanin kilomita dubu 32 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke, kuma za a iya ganinsa da ido a Afirka da Turai da yammacin Asiya, har da ƙasar Hausa idan sama ta yi garau. Abin da masana ke so su gani shi ne yadda jan duniya zai taɓa shi: juyinsa zai sauya, wataƙila tsakuwa ta zame a gangarensa, kuma daga yadda ya amsa za a karanta abin da ke cikinsa, wanda babu madubi ko rada da ke iya nunawa. An karkatar da OSIRIS-REx, da sabon suna OSIRIS-APEX, don ya tarar da shi jim kaɗan bayan wucewar. Amma kafin a ce wani abu ya sauya, dole a san yadda yake tun farko. Don haka hukumar Turai ta tsara kumbon Ramses ya isa a Fabrairu 2029, wata biyu kafin ranar, ya raka shi. Don ya isa a kan lokaci dole ya tashi a Afrilu 2028, kuma dutse mai wannan girma yana matsowa kusa haka ne sau ɗaya a cikin dubban shekaru.